Bindigar Milimo

Talata, 4 ga Maris, da hantsi

Yau mai gari ya kawo min bindigar mijina. Ya naɗo ta cikin buhu, ya jingina ta da rumbu, ya ja baya yana goge hannu a wando. Tun ranar Alhamis take gidansa, matarsa ta ce ba za ta ƙara kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da ita ba.

A kan rumfar gadi suka same ta, wadda Milimo ya kafa a gonarmu ta bakin tafki saboda dorina. Tana kwance cike da harsashi, ba a harba ko ɗaya ba. Takalmansa na ƙasa a jere. Ba jini, ba sawun ja. Ranar Alhamis ɗin da rana tsaka Milimo ya ce min bari ya leƙa masara ya dawo, kada in sauke tuwo.

Na tambayi mai gari wa zai yi gadin gonakin yanzu. Ya ce ruwa ya cinye gadar hanyar garin Choma, ma'aikatan gandun daji ba za su iya shigowa ba sai an gyara. Samari kuma duk wanda aka miƙa wa bindigar sai ya tuna yana da wani aiki. Jiya dorina ta kwashe kusurwar gonar gaba ɗaya.

Inna, mahaifiyar Milimo, ta zuba masa abinci ta rufe. Ban hana ta ba.

Laraba, 5 ga Maris, da yamma

Yaya Siamaimbo ya zo, wan Milimo. Ya yi aikin gandun daji shekaru, har ciwon ɓarin jiki ya kashe masa hannun dama. Ya ce tunda mazan gari sun zama mata, sai mata su zama maza. Ya kai ni bayan gida inda babban surin nan yake, ya ɗora tsohon galan a kai.

Irin bindigar nan ce da ake jan mariƙinta na gaba baya a tura, ta tofar da kwanso ta haɗiyi sabon harsashi. Na sha ganin Milimo yana yi kamar yana sosa ƙeya. Da na ɗaga ta sai na ga ba da ni aka auna ta ba. Gindinta ya yi min tsawo, hannuna na hagu ya miƙe sambal kafin ya kai mariƙin, sai na ɗora gindin a damtse na banƙare baya don in daidaita nauyin. Yaya ya buɗe baki zai yi magana, ni kuwa na riga na taɓa kunama.

A ƙasa na tsinci kaina. Bakina da jini, kunnena yana ƙugi, damtsena kamar jaki ya haure shi. Galan yana nan zaune lafiya lau.

Yaya ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Maman Choolwe, galan ya ce a gaishe ki, ya gode da kika tausaya masa."

Da ya gama dariyar sai ya juya bindigar ya nuna min wani abu da ban taɓa kula da shi ba. Milimo ya ƙara wa gindin guntun katako, ya ɗaure da kusoshi, saboda dogon hannunsa. Yaya ya ce a cire wannan, a kuma yanke kaɗan daga asalin katakon, sai ta zauna min. Na ce a'a.

Alhamis, 6 ga Maris, da safe

Hannu ba ya ɗaguwa. Da hagu na daka. Ba labari.

Asabar, 8 ga Maris, da la'asar

Damtsen ya yi baƙi har gwiwar hannu, gefensa rawaya. Inna ta gasa min da ruwan zafi tana faɗa, wai me ya kai ni taɓa kayan mutum ba ya nan.

Ina so in rubuta wani abu, ban san yadda zan sa shi ba. Da rana ta take, lokacin da ko kaza ta nemi inuwa, sai awaki suka yi shiru. Awakinmu ba sa shiru. Na leƙa na ga duk sun tsaya cikin shinge sun juya kai wajen tafki, ba mai tuƙa, ba mai korar ƙuda. Kare ya shige ƙarƙashin rumbu. Na tsaya da muciya a hannu har tuwon ya kama. Can sai wata akuya ta yi atishawa, komai ya koma yadda yake.

Zafi ne kawai.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan coci

Mata sun matsa min waje a benci fiye da yadda nake bukata. Fasto ya tsayar da ni a bakin ƙofa, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce akwai iyalan da tafki ya hana su ganin nasu, suka binne tufafi, zuciya ta samu wurin zuwa. Na ce masa tufafin Milimo na wanke su jiya, suna kan igiya.

Na hau tudu inda waya ke kamawa na kira 'yarmu Choolwe a makaranta. Tana cikin jarrabawa. Ta ce in ba Baba. Na ce yana gona.

Talata, 11 ga Maris, da yamma

Mun koma bayan gida. Wannan karon Yaya bai bar ni na taɓa harsashi ba sai da na gaji da ɗagawa da saukewa. Ya sa na ware ƙafafu, ta hagu gaba, gwiwa a sake, na kwanto da ƙirji gaba kamar zan tura motar da ta maƙale a laka. Ya danna min yatsa a lungun da ke tsakanin kafaɗa da ƙirji, inda akwai nama, ya ce nan ne gidanta, ba damtse ba, ba kan ƙashi ba. In matse ta a nan sosai, domin in na bar mata fili ko na yatsa ne, gudu za ta ɗauko ta zo ta buge ni. Kunci kuma ya kwanta a kan katakon ya manne, kada in ɗaga kai don ganin inda harsashi ya tafi.

Duk na ji, amma tsawon ya hana. In na kai gindin lungun, hannun hagu ba ya iya jan mariƙin har ƙarshe. Na ja rabi na tura, kwanson ya maƙale a baki, ta cije. Yaya ya ce a gaban dorina wannan ita ce addu'ata ta ƙarshe.

Ya karɓa ya juya min baya ya ɗura, ya miƙo. Na auna, na danna. Ba ta tashi ba, ashe kwanson wofi ya sa mata. Amma ni na riga na runtse ido, na noƙe wuya, bakin bindigar ya nutsa ƙasa.

Ya ce, "Kin gani? Ba ta taɓa ki ba kin riga kin gudu. Jikinki ya tsane ta, kuma da gaskiyarsa. Ga zarto can a gidana."

Na ce, "Yaya, in ya dawo ya tarar an guntule masa bindiga, me zan ce masa?"

Ya ce in haka ta faru shi zai saya masa sabuwa, ko da zai sayar da shanunsa duka.

Laraba, 12 ga Maris, da rana

Awaki sun sake yin shirun nan.

Alhamis, 13 ga Maris, da la'asar

Zan rubuta, ko ya fita daga kaina.

Na je gona da hantsi, na hau rumfar gadi da bindigar, don mata su samu su karya masarar da ta nuna. Sun gama sun tafi, ni na tsaya ɗaure buhu. Rana ta take. Tsuntsayen bakin ruwa suka ɗauke wuta. Daga cikin doguwar kacalar da ta rufe gaɓa sai na ji an ce, "Guntuwa."

Ba wanda ke kirana haka sai mutum ɗaya. Ko a gaban Choolwe ba ya yi.

Ba da ƙarfi ba. Yadda yake kira in yana wanka ya manta sabulu. Na tsaya. Aka sake, daidai kamar na farko, ba sama ba ƙasa, ba gajiya a ciki, ba fushi. Milimo in ya kira ni sau biyu ban amsa ba, na uku da tsaki yake zuwa. Wannan ya kira na uku, bai yi tsaki ba.

Ban amsa ba. Na bar buhun a can. Ban san ƙafata ta fashe ba sai da na iso gida.

Juma'a, 14 ga Maris, da safe

Ban gaya wa kowa ba. Kafaɗa da sauƙi. Kunci ya kumbura. Inna ta zuba abinci ta rufe.

Lahadi, 16 ga Maris, da yamma

Wani mai kamun kifi ya ce ya ga mutum dogo tsaye cikin kacala ranar Juma'a, ruwa iya ƙugunsa, ya ɗaga masa hannu bai mayar ba. Wani ya ce kututturen mataccen itace ne, irin waɗanda suka tsaya a tafkin tun kafin a haife mu. Mai gari ya tara maza da kwalekwale suka kewaya wurin, ba su ga komai ba. Na lura ba su shiga cikin kacalar ba, daga gefe suka yi ta buga ruwa da sanda.

Inna ta ji labarin. Ta ci abinci sosai yau, har da ƙari.

Talata, 18 ga Maris, da la'asar



Na shiga ɗaki ɗauko gishiri, na fito ba Inna a tabarma. Sandarta na nan. Tsohuwar da daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta huta a hanya. Awaki sun yi shiru. Na sunkuci bindigar na bi hanyar gona da gudu.

A ƙarshen gona na cim mata, tana tafiya miƙe kamar budurwa. Na ce, "Inna, ina za ku?" Ta ce ɗanta na kiranta, ya ce ƙafarsa ta maƙale a laka, ta zo ta ba shi hannu. Na riƙe mata zani. Sai kacalar da ke gabanmu ta fara buɗewa, daga sama, a hankali, ba iska.

Na ɗaga bindigar. Gindin ya sarƙe a hammatar rigata. Na fizga, ya sake sarƙewa. Ina tsaye ina kokawa da riga kamar mahaukaciya, bakin bindigar yana kallon ƙasa, tsohuwa tana jana gaba. Ban san iya lokacin ba. Kacalar ta koma ta rufe.

Goya ta na yi har gida. Ta yi ta dukan bayana tana kuka.

Laraba, 19 ga Maris, da yamma

Na je gidan Yaya da sassafe na ce ya ba ni zarton. Ya ɗauko ya biyo ni.

Ya sa na sa rigar da nake zuwa gona da ita, na ɗaga bindigar ba harsashi ido a rufe, in buɗe, in faɗa masa abin da nake gani. Ya duba tazarar da ke tsakanin hancina da babban yatsana, ya zana layi da gawayi. Ya ce kada mu yi gaggawa, abin da aka yanke ba ya komawa, mu ɗan rage mu gwada. Shi ya danne da gwiwa, ni na ja zarton, tunda hannunsa ba zai iya ba.

Kusoshin guntun katakon da Milimo ya ƙara sun yi tsatsa, da ƙyar suka fita. Gefen katakon ya yi sumul, ya yi duhu da gumin kafaɗarsa. Na ajiye shi a kan turmi, na ci gaba da yanka. Garin katako yana zubo min a ƙafa. Yaya ya juyar da kai, ya ce wani abu ya faɗa masa a ido.

Ya yanko roba mai kauri daga tsohuwar taya, ya goge bakinta ya zagaye don kada ta kama riga, muka ɗaure a gindin.

Inna tana zaune tana jin ƙarar zarton. Da muka gama ta ce, "'Yar nan, kin gama da shi ke nan." Ba ta ƙara min magana ba har yanzu.

Alhamis, 20 ga Maris, da yamma

Bindigar ta zauna min. Ina ɗagawa ta faɗa lungun da kanta, kunci ya sami wurinsa, gwiwar hannun hagu ta lanƙwasa. Na kwanta gaba na danna. Ta ture ni, amma turi ne, ba duka ba, ya bi ta bayana ya sauka ƙafa. Na ja mariƙin har ya buga, na tura har ya buga. Galan ya yi tsalle ya faɗa bayan suri.

Yaya ya ce yanzu a kai wa galan gaisuwar ta'aziyya. Na yi dariya. Daga baya na shiga ɗaki na zauna, na rasa inda zan sa kaina saboda dariyar.

Ya bar min harsasai masu dunƙulen dalma guda, na manyan dabbobi. Ya ce waɗannan haurinsu ya fi, in ƙara matsewa, in ƙara kwantawa gaba.

Juma'a, 21 ga Maris, da rana

Na ɗaura igiya daga zanin Inna zuwa turken rumfa. Allah ya yafe min.

Asabar, 22 ga Maris, da yamma

Ta kwance igiyar.

Tana cikin ruwa iya gwiwa lokacin da na iso, ta miƙa hannu biyu gaba. Kacalar a buɗe take.

Aka kira ni. Aka kira ta. Murya ɗaya, kusan a tare.

Na ɗaga bindigar, ta zauna. Ban runtse ido ba. Na harba, na ja, na tura, na sake harbawa.

Ba zan rubuta abin da na gani ba. Ruwa ya yi motsi sosai, sannan ya lafa. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, kuka ya cika gaɓar. Na shiga na jawo Inna. Ba ta yi gardama ba, jikinta sanyi ƙalau.

Lahadi, 23 ga Maris, da la'asar

Maza sun shiga cikin kacalar yau, har tsakiya. Mai gari ya ce sun ga inda wani abu mai nauyi ya kwantar da ciyawa ya gangara zurfi. Kada ne, in ji shi, tsohon kada, irin wanda ya saba da mutane. Kowa ya kama maganar da hannu biyu. Mata sun kawo min kifi da gyaɗa, wata har da kaza.

Yaya ya jira suka watse. Ya ce ya duba inda dalma ta karya kacalar. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna, sama da kansa kaɗan.

Ya ce, "Ke da kike samun galan a kan suri. Me ya kai bakin bindigarki can sama? Ko haurin ne ya ɗaga ta?"

Shi ya ba kansa amsa. Ya ce to, haurin ne. Zai gaya wa duk wanda ya tambaya cewa haurin ne.

Litinin, 24 ga Maris, da safe

Ban ci ba, ban yi barci ba. Kafaɗa lafiya, ko tabo babu. Awaki suna ta kuka tun jiya, da rana tsaka ma ba su fasa ba. Ina ta tunanin mutumin da zazzaɓi ya juya masa kai, ya ɓata cikin ciyawa, yana kiran matarsa da uwarsa. Ina ta tunani.

Talata, 25 ga Maris, da yamma

Inna ta kira ni ɗakinta. Ta sa na zauna a bakin gado, ta kama hannuna tana murzawa. Ta ce ta san abin da ke cina.

Ta ce, "Ni na haife shi. Milimo ko ƙaya ta soke shi sai maƙwabta sun ji. Da girmansa, da gemunsa, in za a yi masa allura sai an riƙe shi. Abin nan kin same shi har sau biyu a gabana, bai ce uffan ba. Ba ɗana ba ne. Ɗana ya riga ya tafi tun ranar nan."

Ni ban sani ba. Harbin farko ya toshe min kunne, ban ji komai ba sai ƙugi har muka iso gida. Ita kaɗai ce ta ji, ko ba ta ji ba. Na karɓi maganarta. Na kifa kai a cinyarta, ta bar ni na yi har na gaji.

Ta ce in aika a kira Fasto, in kuma sauke tufafin daga igiya in ninke. Da lokacin tuwo ya yi kwano biyu kawai ta ɗauko, ba uku ba.

Alhamis, 27 ga Maris, da rana

An gyara gadar. Motar farko daga Choma ta shigo da hantsi, Choolwe tana ciki, na aika mata ta taho. Ta sauko da akwatinta tana murmushi, ta dube ni, ta dubi bayana, ta dubi hanyar gona. Ta ce me ya sami kuncina.

Na karɓi akwatin na ajiye a ƙasa. Na riƙe kafaɗunta biyu, ta fi ni tsawo yanzu, sai da na ɗaga kai. Na ce mata, "Choolwe, Babanki ya rasu."